Daga Agege har Dawanau, wa zai riƙe hannun mara lafiya?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan maganar ta raka masu taɓin hankali asibiti amma kasuwa ba ta barin mutum ya zauna, yau dai tun asuba ake ruwa a Agege ba ciniki, sai nace bari in fitar da abinda ke raina ko Allah zai sa ya amfani wani.

A watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta sake tsaurara dokar hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, ɗan kawuna na cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Shekararsa 27 lokacin, mashin ɗin na bashi ne bai ma gama biya ba aka kama. Sati biyu uku yana yawo wai zai karɓo, daga nan sai ya daina zancen mashin gaba ɗaya, ya daina barci. Yaran da suke kwana ɗaki ɗaya su shida ne suka zo shagona suka ce Yaya ka zo ka ga ɗan'uwanka, kwana huɗu ke nan idonsa biyu, yana magana shi kaɗai, yace ana bin sa, yace akwai masu kiran sunansa ta cikin fanka. Da na je na same shi a tsugune bayan ƙofa ya rame, ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, wallahi har yau in na tuna kallon nan sai gabana ya faɗi.

Abinda kowa zai yi shi muka yi. Aka kira malam ya yi ruƙiyya kwana uku. Wani ya je kemis ya karɓo ƙwayar barci. Da jikinsa ya ɗan yi zafi muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, suka ce taifot da maleriya, aka sa mishi ruwa leda uku, muka biya, jikin ya yi sanyi amma muryoyin na nan. Rana ta uku likitan ya ja ni gefe yace wannan ba namu bane, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ya yagi takarda ya yi rubutu layi ɗaya kacal ya miƙo min. Nace likita ina zamu je, wa zamu nema, yaushe suke ganin mutane? Yace ku dai je babban asibiti zasu gaya muku. Shikenan rifarar da aka yi mana.

Toh kaga Legas ba ta rasa wuraren ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba, wanda 'yan gari ke ce wa Yaba Left, yana nan tun 1907, ya girmi Najeriyar kanta tunda sai 1914 aka haɗe kudu da arewa. Akwai LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, ga shi a tsakiyar mutanenmu ma, akwai LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar, a Ikeja, duk suna da sashen masu taɓin hankali. In ka ɗan fita kaɗan ga asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta. In ka kwatanta da ƙauyenmu can wajen Bichi ai mu nan a cikin daula muke. Amma duk da haka na ga mutanenmu da yawa sun lalace a garin nan, kuma in ka bi diddigi zaka tarar ba a cikin asibiti aka rasa su ba, a hanya ne, tsakanin wanda ya tura da wanda aka tura wa. Wannan ya sake shi wancan bai kama ba.

Mu ma saura ƙiris. Ranar farko da muka nufi ɗaya daga cikin manyan asibitocin nan sai da muka jira na buɗe shago na sallami kwastoma, ga gosulo, muka isa bayan azahar, masu yankar kati na sababbin zuwa sun tashi. Laifinmu ne, amma da wanda ya turo mu ya ce mana ku yi sammako ai da ba a yi asarar kuɗin tasi ba, tunda ba zai yiwu ka sa mutum a wannan halin cikin bas ɗin danfo ba. Da muka dawo gida yaran suka fara cewa a sa shi a motar shanu mai komawa arewa kawai a huta. Nace ku ba ni gobe.

Washegari ƙarfe bakwai muna can. Da aka kira mu likitar, wata Bayarbiya ce mai haƙuri sosai, ta karanta takardar nan mai layi ɗaya ta ajiye, ta fara tambaya. Yaushe abin ya fara, wace rana ya yi barci na ƙarshe, wace ƙwaya aka ba shi a kemis, wace allura aka yi mishi a wancan asibitin, an gwada jininsa ina sakamakon, ya taɓa yin irin haka a baya, akwai mai irin ciwon a dangi, yana shan wani abu. Ni da na raka shi ban kwana ɗaki ɗaya da shi ba, yaron da ya san komai yana can Oko-Oba wajen aikinsa a mayanka. Sai waya na dinga bugawa ina tambaya ina faɗa mata. Sunan ƙwayar kemis kuwa babu wanda ya riƙe, an yar da kwalin, wai fara ce ƙarama. Farar ƙwaya ƙarama ai ta fi ɗari.

Ba don tana son wahalar da mu take tambayar ba. Daga baya na gane cewa rikicewar hankali kala-kala ce. Zazzaɓin da ya hau kai na iya sa mutum sambatu, sikari in ya faɗi ƙasa haka, farfaɗiya haka, wanda ya daina shan abinda ya saba sha farat ɗaya shi ma haka, kuma kowanne maganinsa daban. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da wani injin da zai ɗora maka ya nuna mishi ciwon, labarin da aka ba shi da abinda ya ji daga bakin mara lafiya su ne awonsa. In labarin ya zo a guntule maganin ma a guntule zai zo.

Sai maganar yare, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai. Ɗan kawuna Hausa yake ji sai ɗan burokin na kan titi, na kuɗin mota da ina zaka. Likita kuma Turanci da Yarbanci. Ni ne tafinta. Kafin ranar na ɗauka tafinta abu ne mai sauƙi, ashe a ɗakin likitan ƙwaƙwalwa amana ce mai nauyi. Ta tambaye shi me yake ji, yace "ana min magana a kai". Toh ya zaka juya wannan? In kace yana yawan tunani ka ɓata, don ba tunani yake nufi ba, murya yake ji kamar yadda kake jin muryata. Yace "zuciyata ta mutu", in ka juya shi kai tsaye sai a ɗauka ciwon zuciya ne a tura ku wani sashen. Yace "an sa min hannu", nan kuma sai da na yi mata bayanin sammu da yadda mutanenmu suka ɗauke shi, don ta bambance abinda kowa a ƙauyenmu zai iya faɗa da abinda ciwon ne ke sa shi faɗa. Sau biyu tana tsayar da ni tace kar ka gyara mishi magana, yadda ya faɗa haka nake so ko da babu ma'ana, rashin ma'anar ma abu ne da nake dubawa. Kuma gaskiya ta kama ni, ina ta daidaita zancen ne saboda kunya, bana son ɗan'uwana ya zama abin kallo a gaban baƙuwa.

Da aka zo kan shaye-shaye abin ya ƙara nauyi. Tun da daddare Kawu ya kira ni daga gida yace kar ka kuskura ka ce yana shan wani abu, kar a ɓata mishi suna, gobe wa zai ba shi aure. Nace to Kawu. Amma a gaban likita na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tambaye shi da kaina a hankali, yace tun yana acaɓa yake shan tiramol don ya jure zaman mashin daga asuba zuwa dare, da aka kama mashin sai ya ƙara da wiwi. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga kai ta harare shi ba, rubutawa kawai ta yi. Ai ba shi kaɗai bane, binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum kusan miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, a shekarar ne ma aka hana kodin na ruwa. Duk wanda ya zauna da 'yan acaɓa da masu dako a kasuwar Mile 12 ya san tiramol ba don nishaɗi yawancinsu suka fara ba, don aikin ƙarfi ne. Ɓoye wa likita wannan daidai yake da ka kai mota gareji ka ƙi faɗin inda take ƙara.

Aka ba shi gado na ɗan lokaci, daga baya aka sallame mu da magani da ranar dawowa. Nan ma wani ramin ne. Bayan kwanaki kaɗan wuyansa ya sandare, yawu na zuba, yana tafiya kamar an ɗaure mishi ƙafa. Yaran ɗakin suka ce kaga irinta ko, maganin asibitin nan dolo yake mayar da mutum, suka daina ba shi ba su faɗa min ba. Sati bai cika ba muryoyin suka fara dawowa. Da na mayar da shi aka ce wannan sananniyar illa ce ta wasu tsofaffin magungunan irin su halofiridol, ana rage yawan ko a canza ko a haɗa da wani da zai sassauta jijiyar, kuma haka aka yi abin ya wuce. Da an zaunar da yaran nan ranar sallama an ce musu in kun ga kaza kar ku tsorata ku dawo da shi, da ba su tsayar ba. Ni aka yi wa bayani, alhali ba ni ke miƙa mishi ƙwayar da daddare ba. Tun daga ranar duk wanda zan raka sai na ce wa zai dinga ba shi magani, to shi ma ya taso mu tafi tare.

Bayan wata huɗu ya dawo hayyacinsa, yana sallah yana hira har yana taya ni awo a shago. Inna, mahaifiyarsa, ta dage a kawo mata ɗanta ta gan shi da idonta, kuma tana da gaskiya. Amma a nan ne na ga an fi yin asarar mutanenmu 'yan ci-rani. Mutum ya samu sauƙi a Legas, a sa shi a mota ya tafi gida da maganin sati biyu a leda, magani ya ƙare, babu wanda ya san sunan maganin, fayil ɗinsa na can kudu fiye da kilomita dubu, bayan wata uku ciwo ya tashi ya fi na da, sai kaji an ce ai na asibiti bai yi ba, a kai shi gidan mari. Kowa ya tuna abinda 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa, bayan nan aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba, ƙofar da suka gani a buɗe ce kawai.

Saboda haka kafin ya tafi na koma wajen likita nace ranki ya daɗe zai koma Kano, ina so ki rubuta mana takarda cikakkiya zuwa ga likitan can. Ta ji daɗi ma da na tambaya, tace da yawa sai dai kawai a daina ganinsu. Ta rubuta abinda suka gano, sunan maganin da yawansa, wanda aka gwada bai karɓe shi ba, maganar tiramol, da ranar da ya kamata a sake ganinsa. Ta kuma mayar da shi kan allurar wata-wata maimakon ƙwayar kullum, tunda allura in an yi an yi, ba zancen na manta. Tace ko ya ji garau kar ya daina, aƙalla shekara sannan likita ya duba. Na yi hoton takardar kwafi uku, na ɗauke ta a waya na tura wa ƙanwarsa ta WhatsApp don ita ce mai boko a gidan, na ce mata ke ce mai riƙe da ranar allura. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana kan hanyarmu ta Bichi, mota ɗaya ce. Ban bar shi ya tafi da direba ba, na rufe shago kwana biyar na kai shi da kaina har gaban likitan can na miƙa takardar hannu da hannu, don zuwa da kai ya fi aike. Wanda yake wajen Sakkwato akwai Kware, na Kaduna akwai Barnawa, na Borno akwai na Maiduguri, duk na gwamnatin tarayya ne, in dai da takarda a hannu ba sai an faro daga farko ba.

Wani abin da nake so in faɗa, kuma na san wasu ba zasu ji daɗi ba ta ɓangare biyu. Malaman da ke cewa duk wani taɓin hankali aljani ne kar a je asibiti suna cutar da mutane. 'Yan bokon da ke cewa a watsar da malamai su ma ba su san mutanenmu ba, don duk Bahaushen da hankalinsa ya gushe a Legas ƙofar malam za a fara bugawa kafin ta likita, ko ka so ko ka ƙi. Limamin masallacinmu, Allah ya saka mishi, shi ya raba gardamar lokacin da yaran ke cewa a daina magani, yace addu'a zamu ci gaba da yi kuma ƙwaya ba za a fasa ba, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Magana ɗaya daga bakinsa ta fi tawa goma. Kuma wannan ba sabon tunani bane a ƙasar nan. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, tun 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro, inda mara lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa da ya rako shi, yana zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Mutumin nan daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abinda ya gani shekara 70 da suka wuce shi ne dai na gani a Agege, mara lafiya da ɗan rakiya tare ake musu magani.

Ta fannin doka an samu ci gaba. A watan Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 ta zamanin Turawa, Legas ma tana da tata tun kafin nan. Tun 1991 manufar gwamnati ta ce a dinga kula da wannan ciwon tun daga ƙananan asibitocin unguwa. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa Ingila da Kanada da Saudiyya. Likitan da ke da layin mutane har waje ba zai iya ɗaukar waya ya bi sawun wanda bai dawo ba. Ko muna so ko ba ma so aikin ya dawo kanmu, mu dangi da 'yan ɗaki da kwamitin masallaci da sarakunan Hausawa na unguwanni.

Tun bayan abin ɗan kawuna sai ya zama in an samu irin haka a layinmu ni ake nema. Na sayi littafi ƙarami. Kafin mu tashi sai na zaunar da waɗanda suke kwana da mutumin na rubuta ranar da ya fara, me yake cewa, yana ci yana barci, na ce a tattaro min duk kwalin magani ko na kemis ko na gargajiya a leda ɗaya. In wani likita ne ya tura mu bana fita sai ya rubuta abinda ya gani da abinda ya bayar, in ya yi layi ɗaya sai in roƙe shi da girmamawa ya ƙara. In mutum na zancen kashe kansa, ko ya ɗauki makami, ko ya daina ci da sha, ko ruɗewar ta zo da zazzaɓi mai zafi ko jijjiga, wannan ba a jiran ranar asibiti ko takarda, sashen gaggawa za a nufa ko cikin dare, a Legas ana iya kiran 112 ko 767, kuma kar a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Bara wata mai jego a bayan layinmu ta rikice kwana goma bayan haihuwa, ta ƙi shayar da jaririyar tana cewa ba tata bace, mijin ya kulle ta a ɗaki don kar maƙwabta su ji. Wannan ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, na gaggawa ne, kuma yana jin magani sosai. Ni ban shiga ba, maiɗakina ce ta raka ta ta yi mata tafinta, don akwai abinda mace ba za ta faɗa a gaban mijinta ba balle a gaban wani namijin. Yanzu yarinyar har ta fara tafiya, uwar ce ke goye da ita in sun zo sayen wake.

Ɗan kawuna yana can gida yana noma, ya yi aure bayan sallar layya. Sau ɗaya ya tsallake allura lokacin da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai, ƙanwarsa ta kira ni a ranar, na tura kuɗin, washegari suka je. Jiya ma Inna ta kira tana ta sa albarka, tace in gaida likitar nan Bayarbiya in na sake zuwa. Zan kuwa je ranar Talata, akwai wani maigadi ɗan Nijar da aka kawo min maganarsa daga Ogba, shi Hausarsa ma da Zabarmanci take haɗe, ina neman wanda ke jin Zabarmanci da zai iya ba mu safiya ɗaya, in akwai a Agege ko kusa ya leƙo shago kafin Litinin da yamma.